Ƙarar inji bayan canza bel ɗin taimin a gida: a daina cewa sabo ne, zai zauna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi masu motoci a nan Gombe da maƙwabtanmu na Bauchi, wato ƙarar da inji kan fara yi bayan mutum ya canza bel ɗin taimin da hannunsa a ƙofar gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin kayan gyara da na aikin gareji kuma suka tashi, mutane da yawa, musamman ma'aikata da matasa masu kallon bidiyon gyara a YouTube, sun koma sayen sifana suna taɓa motocinsu da kansu. Ban ga laifin hakan ba, domin wanda ya san cikin motarsa ba a cika cutarsa a gareji ba. Abin da ke damuna shi ne wata magana da ta zama ruwan dare, wadda har wasu makanikai ke faɗa, cewa idan an ɗaura sabon bel aka ji yana kuka a ƙyale shi, sabo ne, zai zauna. Bel ɗin taimin da aka ɗaura daidai ba ya kuka tun daga tashin farko, kuma duk ƙarar da babu ita kafin a kwance inji amma ta bayyana bayan an haɗa shi, daga aikin ta fito, don haka a wajen aikin za a neme ta kafin motar ta bar ƙofar gida.

Dalilin da ya sa nake tsananta maganar shi ne wannan bel ba ɗaya yake da fanbel ba. Idan fanbel ya tsinke batir zai daina caji, sitiyari ya yi nauyi, direba ya gangara gefen titi ya sayi wani ya ɗaura. Shi kuwa bel ɗin taimin haƙora gare shi, kuma shi ke haɗa kuranshaf da ke ƙasa da kamshaf da ke cikin tof-silinda, ta yadda duk juyi biyu na kuranshaf kamshaf zai yi juyi ɗaya, bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. A injuna da yawa gurbin da bawul ke sauka idan ya buɗe shi ne gurbin da fistin ke hawowa, kuma babu abin da ya hana su karo sai cewa kowanne da lokacinsa. Ko a silo inji yana juyi kimanin 700 zuwa 800 a minti, wato fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka idan bel ya tsallake haƙora kaɗan, kafin hannu ya kai ga makulli fistin ya riga ya lanƙwasa bawul.

Ya kamata kowa ya san irin injin da ke cikin motarsa kafin ya kwance noti ɗaya. Honda Accord mai fulogi huɗu ta shekarun 1990 zuwa 2002, har da wadda ake kira Baby Boy, tana cikin masu karon fistin da bawul, haka nan Peugeot 406 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Toyota Camry mai inji lita 2.2 da aka yi har zuwa 2001 ba ta cikinsu, idan bel ɗinta ya tsinke yawanci mutuwa kawai take yi. Wasu motocin ma ba su da bel ɗin sam, sarƙa suke amfani da ita, kamar Camry mai lita 2.4 daga 2002 da Accord EOD, wadda ta biyo bayan Baby Boy, mai fulogi huɗu, amma EOD mai fulogi shida bel take da shi. Mai Camry mai lita 2.2 yana da damar yin kuskure ya gyara, mai Accord ko 406 kuwa kuskurensa yana iya kai shi ga sauke tof-silinda.

Rabin ƙarar da ake kuka da ita ana iya kama ta tun kafin a murɗa makulli. Bayan an ɗaura bel, a cire fulogai domin inji ya yi sauƙin juyawa, a sa sifana a notin kuranshaf a juya shi a hankali zagaye biyu cikakku, sannan a duba ko alamar kuranshaf da ta kamshaf sun koma kan wurarensu. Idan ana juyawa aka ji ya cije, kada a ƙara ƙarfi, domin mai yiwuwa fistin ne ya taɓo bawul. A kuma lura da ɓangaren da ake juyawa: yawancin injuna dama suke juyawa kamar hannun agogo, amma tsofaffin injunan Honda masu fulogi huɗu, ciki har da na Accord ɗin da na ambata, hagu suke yi, kuma wanda ya juya inji baya yana sassauta gefen bel da ya kamata ya miƙe. Ina kuma ba da shawarar a ɗauki sautin injin da waya kafin a fara aiki, yana sanyi da kuma bayan ya yi zafi, domin bayan wunin kwance-kwance kunne kan manta yadda motar take kuka da can, sai mutum ya ɗora wa sabon bel laifin tsohuwar ƙarar tafet.

Ƙarar da aka fi ji ita ce kuka siriri mai tsawo, irin na injin markaɗe idan ana juya shi babu hatsi, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur ya ragu idan an saki. Wannan kusan koyaushe alama ce ta an matse bel fiye da kima. Mutanenmu sun ɗauka gara ya yi tauri da ya yi sako-sako, sai a sa ƙarfe a danna tenshona, wato abin da ke miƙe bel ɗin, iya ƙarfi kafin a ɗaure notinta. Gaskiya ne wani lokaci kukan yakan ragu bayan 'yan makonni, kuma daga nan ne maganar "zai zauna" ta samo asali, amma ba zama ya yi ba, boris ɗin famfon ruwa da na fuli ne suka ci wuya har suka fara wasa, zaren cikin bel kuma ya gaji kafin lokacinsa. Kowane inji da yadda ake auna taurinsa. A tsofaffin Golf masu tenshonar hannu akan kama tsakiyar gefen bel mafi tsawo da yatsa biyu a murɗa, ya kamata ya juya kusan kwata ɗin zagaye da ƙyar. A Accord mai fulogi huɗu sifirin ne ke yin aikin: a sassauta notin, a juya inji hagu gwargwadon haƙora uku na fulin kamshaf, a ɗaure, ba tare da an taimaka wa sifirin da hannu ba. Wasu tenshonar kuma suna da ɗan tsinke da ake daidaita shi da wata tsaga. Wanda ya ɗauki ƙa'idar wata mota ya kai wa wata, ya yi aikin banza.

Kishiyar wannan ita ce ƙarar fat-fat ko kwaram-kwaram daga cikin murfin taimin, wadda aka fi ji a silo ko lokacin da aka saki totur farat ɗaya. Bel ne ya yi sako-sako yana dukan murfi, kuma wannan ta fi ta farko gaggawa, domin bel mai lilo shi ke tsallake haƙori. A nan babu zancen zagayawa cikin unguwa a ji ko za ta daina, a kashe mota nan take. A motocin da ke da tenshona mai mai a cikinta, irin su V6 na Honda da na Toyota, nan ne za a fara duba. Idan za a mayar da tsohuwa, ƙa'ida ita ce a matse sandarta a bais, wato abin matse ƙarfe na kan tebur, a hankali ƙwarai, ana ɗan juyawa ana dakatawa, har ramukan su daidaita a zura siririn ƙarfe ya riƙe ta, kuma ba a zare ƙarfen sai bel ya hau dukkan fuli. Na sha ganin ana matse ta da jak a ƙarƙashin mota cikin 'yan daƙiƙu, wanda hakan ke lalata abin da ke riƙe man a ciki, sai ta rasa ƙarfi, inji ya riƙa ƙara da safe idan yana sanyi. Akwai kuma wanda zai haɗa komai ya manta bai zare ƙarfen ba. Tenshonar da aka ga mai yana tsatsowa a bakinta ta gama aiki, babu dabarar da za ta dawo da ita.

Akwai wata ƙara ta guga, shuu-shuu a hankali, wani lokaci tare da warin roba mai ƙonewa. An taɓa kawo mini wata mota mai irin wannan, da muka cire murfin sama sai muka tarar da baƙin gari ya taru a ƙasan murfin, gefen bel ɗin na waje ya yi gashi, fararen zaruruwa sun fito, alhali bai kai mako guda a jiki ba. Da aka cire fulin kuranshaf sai ga dalili: wani faifan ƙarfe mai ɗan lanƙwasa a baki, wanda ke hana bel zamewa waje, an mayar da shi a juye, bakinsa yana yankar bel a kowane zagaye. Lanƙwasar tana kallon waje ne, nesa da bel. Murfin roba da bai zauna a gurbinsa ba, ko dogon noti da aka sa a ramin gajere, ko fuli da aka ɗaure a karkace, duk suna kawo irin wannan. Bel da gefensa ya cinye ba a mayar da shi, ko da jiya aka saye shi.

Ba kowace ƙara ce daga cikin murfin ba, kuma hikima ita ce a fara da abin da ke waje mai sauƙi. Kafin a kai ga taimin an cire fanbel, an cire fulin kuranshaf, a motocin da injinsu ke kwance a gicciye an kwance injin-sit na wannan gefen. Ƙarar ƙiii mai kaifi a lokacin tayarwa, ko idan an kunna AC, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, ta fanbel ce da bai yi tauri ba. Hanyar rarrabewa ita ce a cire fanbel gaba ɗaya a tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan, bai wuce minti ɗaya ba, musamman a motar da fanbel ke juya famfon ruwa. Idan ƙarar ta ɓace, a juya fulin altaneta da na kwamfireso da na famfon sitiyari da hannu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi gurrr ko yake wasa shi ne mai laifi. Idan tana nan, to a cikin taimin take. Dum ɗin da ake ji sau ɗaya idan an sa giya ko an taka totur kuwa, a duba notocin injin-sit.

Notin fulin kuranshaf yana buƙatar magana ta daban. A Accord ƙarfin ɗaurinsa Nm 245 ne, abin da ba a samu da gajeriyar sifana da ƙarfin dantse, sai da sifana mai auna ɗauri da abin riƙe fulin. Idan bai ɗauru ba, fulin zai riƙa rawa, a ji bugu mai nauyi ƙwal-ƙwal daga ƙasa, har mutum ya zaci injinsa ya buga, kuma idan aka ci gaba da tafiya zai cinye ɗan makullin da ke riƙe shi da ramin da yake zaune a bakin kuranshaf, gyaran da ya fi canza bel tsada nesa ba kusa ba. Tsayawa a gefe a kalli fulin yana juyawa ya isa a gane, domin mai lafiya ba ya kaɗawa.

Wajen neman ainihin inda ƙara ke fitowa, doguwar sukudireba tana aiki: a ɗora bakinta a kan notin fuli ko jikin famfon ruwa, wato wurin da ba ya juyawa, a kanga kunne a mariƙinta. Sai dai ina roƙon masu karatu su tuɓe babbar riga, su naɗe hannun kaftani, su ajiye carbi da igiyar katin aiki kafin su sunkuya a kan inji mai aiki, su kuma tuna cewa fankar lagireto ta lantarki tana tashi da kanta ba tare da sanarwa ba.

Wani lokaci abin da ake kira ƙara girgiza ce. Wani maƙwabcina mai Baby Boy ya canza bel ɗinsa tsaf, alamomin kamshaf da kuranshaf duk daidai, amma da zarar ya ɗan taka totur sai sitiyari ya kama tsuma, madubin ciki yana rawa har ba a ganin na baya, wani gurnani kuma ya cika motar. An riga an ce masa injin-sit ne, yana shirin saye. Abin da bidiyon da ya kalla bai nuna masa ba shi ne wannan injin yana da bel na biyu, ƙarami, mai juya wasu sanduna biyu masu nauyi a gefe ɗaya, waɗanda aikinsu kashe girgizar inji. Sandar da ke baya ta hanyar giya take juyawa, saboda haka alamar fulinta tana iya zama daidai alhali nauyin yana kallon wani wuri. Shi ya sa kamfanin ya bar rami a bayan injin, inda ake cire noti a zura ƙarfe mai kaurin milimita 6 ya kulle sandar kafin a ɗaura ƙaramin bel. Da aka yi haka, aka zare ƙarfen aka mayar da notin, girgizar ta tafi, kuɗin injin-sit suka zauna a aljihunsa.

Idan bel ya kauce da haƙori ɗaya, sau da yawa motar za ta tashi, amma silo ba zai kwanta ba, za ta rasa ƙarfi a hawa, ta ƙara shan mai, wani lokaci ta yi atishawa ta salansa. A motoci da yawa na baya-bayan nan wutar inji za ta kama a dashbod, idan aka sa kwamfuta a ga lamba irin P0016, mai nuna kuranshaf da kamshaf ba su jitu ba. Maganinta a sake buɗewa a daidaita, ba a murɗa distiributa ko a ƙara silo domin a rufe matsalar ba. Mafi muni ita ce ƙarar ƙyas-ƙyas daga sama tare da inji mai mis, bayan an tayar da shi taimin a karkace ko bayan tsohon bel ya tsinke ana tafiya. A nan sabon bel ba zai yi komai ba, sai a yi gwajin kwamfureshan: silinda masu lafiya awonsu kusa da juna yake, wadda ta faɗi ƙasa sosai bawul ɗinta ya lanƙwashe, kuma a ganina daga nan aikin ya fi ƙarfin ƙofar gida. Ƙarar ƙulu-ƙulu ta ruwa a bayan dashbod bayan an canza famfon ruwa kuwa iska ce ta maƙale, a fitar da ita ana lura da allurar zafi.

Yawancin waɗannan matsalolin daga wajen saye suke farawa. Mutum zai sayi bel kaɗai ya bar tenshona da fuli da famfon ruwa da suka yi shekaru tare da tsohon bel, ko ya sayo na Beljiyam wanda babu wanda ya san nisan da ya yi. Sabon bel ya fi tsohon ja, saboda haka boris ɗin da yake lallaɓawa shiru sai ya fara kuka, kuma ranar da ya cije zai tsinka bel ɗin ko ya jefar da shi. Kamfanoni irin su Gates da Dayco da Aisin suna sayar da kayan a haɗe cikin kwali ɗaya, kodayake akwai jabu masu kwaikwayon kwalayensu, don haka arha mai yawa abin tuhuma ce. A ƙirga haƙoran sabon bel a gwada da na tsohon, a bi kibiyar da ke jikinsa idan yana da ita, kada a lanƙwasa shi sosai ko a tura shi kan fuli da sukudireba. Idan an ga baƙin mai a cikin murfin a canza oyil-sil na kamshaf da na kuranshaf, domin mai yana ruɓar da roba. Murfin kansa a mayar da shi, kada a jefa a but da sunan bel ya sha iska, ƙurar hunturu da tsakuwar hanyar Dukku ba abokan bel ba ne.

Game da wa'adi, littafin Accord na 1998 zuwa 2002 ya ce mil 105,000 ko shekara 7, amma ya rage zuwa mil 60,000, kimanin kilomita 100,000, ga motar da ke yawan aiki cikin zafin da ya wuce digiri 43. Wanda ya san Gombe a watan Afrilu zai gane cewa lissafi na biyu ya fi kusa da mu, balle motar da ta shigo ta Kwatano wadda ba a da tabbacin abin da agogonta ya nuna. Bayan an gama aiki kuma, a bar inji ya yi zafi a gida har fanka ta tashi, a zagaya cikin gari, a sake cire murfin sama a duba gefen bel, kafin a ɗauki iyali a kama hanyar Alkaleri ko ta Kaltungo.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ta riƙa ware ɗan shafi na gyaran mota da Hausa, inda makanikai masu ƙwarewa za su riƙa amsa tambayoyi, tunda yawancin bayanan da matasanmu ke samu da Turanci suke, kuma a kan motocin da ba lalle su yi daidai da namu ba. Ina kuma kira ga ƙungiyar makanikai ta NATA a Gombe da Bauchi da ta hori mambobinta su daina sallamar mota mai sabuwar ƙara da cewa za ta zauna, masu sayar da kayan gyara kuma su riƙa ajiye cikakken kwalin taimin, su nuna wa mai saye kuɗinsa a gefen kuɗin bel kaɗai ya zaɓa da saninsa. Duk wanda ya yi aikin, a gida ko a gareji, ya rubuta kwanan wata da adadin tafiyar motar da sunan kayan da aka canza a jikin murfin taimin ko a ƙarƙashin bonet, domin wanda zai buɗe injin a gaba, ko wanda zai sayi motar, ya san inda aka tsaya.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin koyar da gyaran mota,
Tudun Wada, Gombe.